Gidan Tarihin Kanta: Fadar da Ta Zama Taskar Kabawa

Tun farkon ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi, ya zauna a Surame. Da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi a 1805, sarautar Kabawa ta yi ta ƙaura har ta samu wurin zama a Argungu. Nan suka gina fada, sarki bayan sarki na zama cikinta, har 1942 da aka tare a sabuwa.

Tsohon gida idan mai shi ya tashi, damina da gara ke gadonsa. Mutanen Argungu ba su bari haka ta faru ba. Ranar 1 ga Yuli, 1958, tun Najeriya ba ta samu 'yancin kai ba, aka buɗe tsohuwar fadar a matsayin gidan tarihi, aka sa mata sunan Kanta. An raba ta sashe 11, an jera masu, takubba, bakuna da kibau, bindigogi, layu da gangunan da kakanni suka fita yaƙi da su. Kaburburan sarakuna ma suna cikin gidan, shi ya sa mai ziyara ke shiga da ladabi.

Bikin kamun kifi na Argungu ya ƙara wa gidan baƙi. An fara shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016.

Wannan darasi na adana kayan tarihi ya shafi 'yan'uwanmu na Sudan. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Zuriyarsu da Hausawan ƙauyukan Jazira sun tsinci kansu cikin yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, yaƙin da ko gidan tarihin ƙasa na Khartum bai tsira daga wawaso ba.

Don haka duk mai littafin kakanni, wasiƙa ko takobi a gida, ya ɗauki hotonsa, ya rubuta labarinsa daga bakin dattawa tun suna raye. Ɗaki ɗaya da amintaccen mai tsaro sun isa a fara gidan tarihi.