Kunne Ya Girmi Kaka: Tarihin Sana'ar Ɗaukar Sauti a Fina-finanmu

Gabatarwa

Idan ana yabon fim, ɗan wasa ake ambata, sai kuma mai ba da umarni. Ba safai ake tuna wanda ya riƙe makirfo a cikin rana ba, ko wanda ya kwana yana tace muryoyi, alhali kuwa mai kallo yakan haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar magana ta shige masa duhu sai ya tashi. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan sana'a, musamman domin matasan Doma da kewaye masu sha'awar shigarta.

Daga Majigi Zuwa Talabijin

A zamanin Turawa, motar majigi ce ke zagaya garuruwa. A lokacin mutum ne sautin fim, domin mai sharhi ke tsayawa da lasifika yana bayyana wa jama'a abin da ke gudana a kan farin ƙyalle. Sana'ar ta kafu sosai ne bayan buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. A irin waɗannan gidaje yaro yakan fara da naɗe waya da ɗaukar kaya, ya shekara yana kallon hannun maigidansa kafin a bar shi ya taɓa na'ura. Tacewa kuwa da reza ake yin ta: a yanke zaren tef daidai inda kuskure yake, a liƙe bakin biyu. Wanda hannunsa ya goce ya yi asarar kalma ke nan.

Ga mutumin Doma, Jos ce ƙofa mafi kusa, tun da garin yana cikin Jihar Filato har zuwa 1996 da aka ƙirƙiro Nasarawa. A Jos aka buɗe talabijin na Binuwai-Filato a 1974, aka kafa Kwalejin Talabijin ta NTA a 1980, sannan Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a 1995.

Zamanin Bidiyo

Fitowar Turmin Danya a Kano a 1990 ta buɗe wani sabon babi. Fim ya bar gidan gwamnati ya koma hannun ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, amma ƙwarewar sauti ba ta biyo shi nan da nan ba. Sau da yawa makirfon da ke jikin kyamara kaɗai ake dogaro da shi, sai carar zakara da ƙarar janareta su danne zancen masoya. Waƙa ce ta tilasta gyara. Ɗakunan ɗaukar sauti irin na Iyan-Tama suka bunƙasa da fiyanon Yamaha, kuma karɓuwar da Sangaya ya samu a 1999 ta nuna cewa sauti mai kyau yana sayar da kaset. Daga bisani kwamfuta ta maye gurbin reza, har abin da a da sai babban gidan talabijin ya zama yaro na iya yin sa a ɗakinsa.

Kammalawa

Na'ura ta yi araha, amma kunne ba a sayen sa a kasuwa. Har yanzu tarbiyyar nan ta dā ita ce jari: haƙuri, da zama ƙarƙashin gwani, da sauraren wuri kafin a kunna rikoda. Akwai kuma amana a cikin aikin. An sha goge tsohon tef domin a ɗauki sabon shiri a kansa, muryoyi da dama suka tafi ba dawowa. Saboda haka matashin Doma ba sai ya jira kiran Kano ba. Ga kiɗan bikin Odu, ga tambarin fadar Andoma, ga dattawan Alago da tarihi a bakinsu. Wanda ya iya ɗaukar waɗannan tsaf, babu ƙura, ya koyi sana'a, ya kuma ajiye wa jikoki abin da za su ji.