Gigin Tsufa: Daga Malaman Hadisi Zuwa Tsofaffin Wagini

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya 'yan uwana matasa, abin da Bahaushe ke kira gigin tsufa, ko ya ce tsoho ya ruɗe, ba baƙon al'amari ba ne a tarihin Musulunci. Allah (SWT) ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, lokacin da sani ke zubewa bayan an tara shi. Amma waɗanda suka fi kowa bin diddiginsa su ne malaman Hadisi, domin aikinsu kacokan a kan hadda ya dogara. Suna kiransa ikhtilaɗi, har Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643 bayan Hijira, ya ware masa babi guda a littafinsa na ilimin Hadisi.

Ku duba adalcin da suka yi. Aɗa'u ɗan Sa'ib, malamin Kufa da ya rasu a 136, ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa. Ba su watsar da shi ba. Sai suka ce abin da Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ji daga gare shi tun yana da lafiya karɓaɓɓe ne, abin da aka ji daga baya kuwa a dakata. Labarin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na Jarir ɗan Hazim na Basra, wanda ya rasu a 170. Da 'ya'yansa suka ga ya fara rikicewa, sai suka killace shi daga ɗalibai, babu wanda ya ɗauki hadisi daga bakinsa a wannan hali. Sun tsare Sunna, sun kuma rufa wa mahaifinsu asiri. Babu wanda ya ce aljanu ne ko sammu, balle maita. Malaman fiƙihu su ma sun bayyana cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ana naɗa masa waliyyi ya kula da dukiyarsa, kuma a mazhabar Malikiyya ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali.

Likitanci ya zo da nasa bayanin a 1906, lokacin da wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya binciki ƙwaƙwalwar wata mata, Auguste Deter, bayan rasuwarta, ya ga yadda ƙwayoyinta suka lalace. Ashe ciwo ne, ba tsufa kawai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi, galibinsu a ƙasashe masu tasowa. A Nijeriya, binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka ya sami ciwon a jikin kimanin 2 cikin 100 na tsofaffin Ibadan, wani kuma da aka buga a 2011 ya sami kusan 3 cikin 100 a Zariya.

Doka kuwa ta daɗe tana barci. Dokar mahaukata ta Turawan mulki, wadda aka kafa a 1916 aka sabunta a 1958, tsarewa kawai ta sani. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bayan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2018. Madalla, amma takarda ba ta yi wa tsohuwa wanka.

A Wagini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, gidan gandu ne ya ɗauki wannan nauyi tun kaka da kakanni: suruka ta dama kunu, jika ya raka tsoho masallaci, in ya ɓace maƙwabci ya kamo hannunsa ya maido shi. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu, waɗanda suka tsananta a 2019, sun tarwatsa gidaje da yawa zuwa garin Batsari da birnin Katsina. Mai wannan ciwo kuwa da sabo yake rayuwa. In an raba shi da zaurensa da bishiyar ƙofar gidansa, ruɗewarsa ƙaruwa take yi, a unguwar da ba wanda ya san ko shi wane ne. A nan ne tsohuwa mai yawon dare tana sambatu kan faɗa bakin masu cewa mayya ce.

Don haka wanda ya ga Baba ko Inna suna maimaita tambaya ɗaya, suna ɓata hanyar gida, ko suna zargin an sace musu kuɗin da suka ɓoye da kansu, ya kai su babban asibitin Batsari ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Kware da Barnawa da Dawanau. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzheimer ba, amma hawan jini da shanyewar jiki na cikin abubuwan da ke jawo gigi, kuma wata ruɗewar daga zazzaɓi ko ƙarancin sinadarin B12 take, tana jin magani. A ɗinka masa takarda mai suna da lambar waya a aljihu. A sanar da mai unguwa da liman, domin a sa gidan cikin masu karɓar zakka, kuma 'ya'ya maza su shiga jerin masu kwana da shi, kada a bar wa mace ɗaya.