Adon Ƙofar Firiji da Rayukan Yara

Kafin ƙofar firiji ta zama wurin liƙa ado, ta taɓa zama tarkon ajali. Har tsakiyar ƙarni na 20, firijin Amurka sakata gare shi, wadda ba ta buɗuwa sai daga waje. Yara masu wasan ɓuya kan shige cikin waɗanda aka yasar, ƙofa ta rufe, numfashi ya ƙare. A 1956 majalisar dokokin ƙasar ta wajabta ƙofar da za a iya turawa daga ciki. Masana'antu suka koma ga roba mai maganaɗisu, musamman da yake kamfanin Philips na Holan ya riga ya samar da maganaɗisu mai araha a farkon shekarun 1950. Arahar nan ce ta kai shi ga kayan ado.

Shi kuwa ƙwallon gilashi, garin Lauscha na Jamus ne ya shahara da ƙera shi a ƙarni na 19, kafin injin Martin Christensen na Akron da ke Amurka ya yawaita shi. Wanda aka baje gindinsa yakan ƙara girman abin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa a gida ake manna masa ɗan hoto da gam, a liƙa maganaɗisu a baya.

Sai dai tun 1984 akwai maganaɗisun neodymium, ƙarami mai tsananin ƙarfi. Idan yaro ya haɗiyi biyu, sukan janyo juna ta bangon hanji har su huda shi. Mai wannan sana'a a gida mai yara, gara ya zaɓi babba, ya tabbatar gam ya kama.