Tarihin Ajiyar Yaƙi da Afuwar Haraji a Arewacin Najeriya

Idan yaƙi ya ƙarar da baitulmali, ban da ƙarin haraji, hanya uku gwamnati kan bi: gudummawa, wadda ba a mayarwa, ajiya, wadda rance ce daga talakawa, da afuwa ga wanda ya ɓoye dukiya, muddin ya fito ya biya. Masu ba da labari kan cakuɗa ukun, shi ya sa aka jera su nan bi da bi.

Yaƙin Hitila, 1939–1945

Da yaƙi ya ɓarke, gwamnatin mulkin mallaka ta Gwamna Bourdillon ta buɗe asusun agaji, a 1940 kuma aka ƙara da asusun cin yaƙi don sayen jiragen sama. A Ingila an yanka fam 5,000 a matsayin kuɗin jirgin Spitfire guda, garuruwa suka yi ta gasar tarawa. A Arewa, ta hannun En'e kuɗin suka bi: sarki ya umarci hakimi, hakimi ya umarci dagaci, dagaci ya zaga gida gida. Saboda haka, ko da sunansa gudummawa, da wuya talaka ya bambanta shi da haraji. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a Zariya a 1939, ita ke kai wa jama'a labarin yaƙin da Hausa. Ma'aikata kuma aka riƙa kwaɗaita musu ajiya a bankin gidan waya.

Mutanen Maiduguri sun ga abin da ake tara wa kuɗin da idonsu. Daga Satumba 1940, jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi kan biyo ta Kano, su sauka Maiduguri su sha mai, sannan su wuce Fort Lamy da Khartum zuwa Alƙahira. Zamanin Shehun Borno Sanda Kyarimi ke nan.

Yaƙin Basasa, 1967–1970

Nan roƙo ya koma doka. Kwamishinan kuɗi Obafemi Awolowo ya sa ajiyar dole ta kashi 5 cikin 100 na albashi, aka canza takardun kuɗi a Janairu 1968.

Zamanin Boko Haram

A 2017, ana tsaka da yaƙi a Borno, aka fito da takardun ajiya na gwamnati da ake saye daga naira 5,000, sai sukuk na naira biliyan 100 don masu gudun kuɗin ruwa. A ranar 29 ga Yuni, muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu kan shirin VAIDS: wanda ya bayyana abin da ya ɓoye daga 2011 zuwa 2016, zai biya ainihin harajin, a yafe masa tara da gurfana gaban kotu. Wa'adin ya ƙare 30 ga Yuni 2018, bayan ƙarin wata uku. Afuwar ta fi shafar kamfanoni da manyan attajirai. Mai tebur a unguwar Moduganari ta Maiduguri da ke yankar rasit kullum ba shi da abin bayyanawa.

Tarihin nan ya nuna cewa a lokacin tsanani talaka aka fi tatsa, sassauci kuwa mai hali ya fi samu. Gwamnatin da ke son jama'a su ranta mata da daɗin rai, wajibi ne ta bayyana abin da ta karɓa, ta kuma biya a kan lokaci.