Saɓanin Unix da Windows a kan Mas'alar Sauya Sunan Fayil

Daga cikin mas'alolin da masu rubuta manhaja suka daɗe suna fama da su, akwai wata wadda ido ke rainawa, alhali kuwa ta jawo asarar aiki mai yawa, ita ce: idan aka umarci kwamfuta ta sauya wa fayil suna, sai aka tarar wani fayil ya riga ya mallaki sunan nan, mene ne hukunci?

A farkon zamanin Unix, matakai biyu ake bi, a ɗaura sabon suna sannan a kwance tsohon, wanda idan na'ura ta tsaya a tsakani sai al'amari ya dagule. Da masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar da sigar Unix mai suna 4.2BSD a 1983, sai suka kawo umarnin rename, suka shar'anta cewa sabon fayil zai maye gurbin tsohon a lokaci guda, ta yadda duk wanda ya nemi sunan nan, ko dai ya sami tsohon cikakke ko sabon cikakke, ba zai taɓa tarar da wurin wayam ba. Wannan hikima ce babba, domin a kanta ne marubuta manhaja suka gina al'adar rubuta sabon bayani a fayil na wucin gadi, sai ya kammala sannan su ɗora shi a kan na asali. Ƙa'idar POSIX ta 1988 ta tabbatar da wannan mazhaba.

MS-DOS kuwa, da Windows a bayanta, sun zaɓi su ƙi umarnin, don tsoron kada a hallaka dukiyar mutum bisa kuskure, kuma ban ga aibi ga wannan taka-tsantsan ba. Inda na ga gazawa shi ne ƙa'idar harshen C ta 1989, wadda ta bar hukuncin ga kowane tsari, har ya zama layi ɗaya na harshen Python yana share fayil a Linux, mai bin tsarin Unix, a Windows kuma ya tsaya da kuskure.

Sulhu bai zo da wuri ba. Java 7 ta kawo Files.move a 2011, inda marubuci ke bayyana niyyarsa a sarari, Python 3.3 ta biyo da os.replace a 2012, sannan a 2014 Linux da kanta ta ƙara RENAME_NOREPLACE, wato ikon ƙin mayewa wanda DOS ta riƙe tun asali.