Ƙiyafar Motoci: Nasaba da Kama a Sigar Manyan Motocin Alfarma

Duk wanda ya taɓa zama a bakin babbar hanyar da ta fito daga birnin Sakkwato, ta ratsa Boɗinga ta wuce Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, musamman a watannin hunturu sa'ad da hazo kan rufe gabas da yamma har mutum bai iya rarrabe tunkiya da akuya in sun ɗan yi nisa, lalle ya ga abin da ya cancanci nazari, wato yadda yaran da ke tallar rake da gyaɗa, waɗanda galibinsu ba su taɓa sa ƙafa cikin motar alfarma ba, sukan hango mota tun tana can su ambaci sunan gidan da ya ƙera ta, kuma da wuya su yi kuskure. Ba tambarin suke karantawa ba, domin tambari bai ganuwa daga wannan nisa. Faɗin goshi suke gani, da yadda fitilu suka zauna, da tsawon gaba in an gwada shi da baya.

Larabawan dā suna da ilmi mai suna ƙiyafa, wanda masaninsa kan dubi gaɓoɓin mutum ya riskar da shi ga danginsa. Ya zo a Buhari da Muslim cewa Mujazziz al-Mudliji ya tarar da Zaidu ɗan Harisa da ɗansa Usama suna kwance, an lulluɓe kawunansu, ƙafafunsu kaɗai ke waje, kuma ko da yake launin jikinsu ya sha bamban ƙwarai, ya yi hukunci cewa ƙafafun nan asalinsu guda ne, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi farin ciki da haka. Abin lura a ƙissar shi ne kamar da masanin ya gano ba ta launi ba ce, ta ƙira ce, wadda ke ɓoye ga mai kallon sama-sama. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne cewa gidan ƙera motoci da ya san abin da yake yi irin wannan kama yake nema tsakanin motocinsa, kuma riƙe ta amana ce a wuyansa, wadda mu da muke sayen mota bayan ta tsufa muka fi kowa haƙƙi a cikinta.

Babu wanda ya tsara wannan mas'ala kamar Bruno Sacco, mutumin Italiya da ya shugabanci sashen zane na Mercedes-Benz, wadda muke kira Marsandi, daga 1975 zuwa 1999. Ƙa'idoji biyu ya kafa. Ta farko, motocin gidan da ake sayarwa a zamani guda, babba da ƙarama, su yi kamar 'yan'uwa ciki ɗaya. Ta biyu, wadda ta fi zurfi, kada sabuwar mota ta fito da sigar da za ta mai da wadda ta gada abin kunya a kan hanya. Wato dai nasaba ta gefe da nasaba ta tsaye, kamar yadda almajiri ke da abokan karatu a zaure ɗaya, yana kuma da silsilar malamai a bayansa. Mutanen Boɗinga ba baƙin wannan fahimta ba ne, domin a garinsu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a shekarun da Shehu ɗan Fodiyo yake Sifawa, kuma shi ne mai littafin Ida'un Nusukhi inda ya jero malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu, saboda sanin cewa abin da ba a san asalinsa ba, ba a cika dogara da shi ba.

Babbar motar da ta fara ɗaukar hannun Sacco sosai, wadda kamfanin ya yi wa lamba W126, an nuna ta a bajekolin Frankfurt cikin Satumba 1979, kuma ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, shugaban ƙasa. Kafin nan, gwamnatin soja da ta biyo bayan kisan Janar Murtala Muhammad, wanda aka harbe cikin baƙar Marsandi ranar 13 ga Fabrairu 1976, ta ɗauki tafarkin ƙanƙan da kai, ta mai da Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna motar ma'aikatan hukuma. Da mulkin farar hula ya dawo, manyan ƙasa suka koma wa Marsandi, sai jama'a suka laƙaba wa sabuwar sigar sunan Shagari, sunan ƙaramin gari a kudancin Sakkwato ya hau kan ƙarfen da aka zana a Jamus. Shekara goma sha biyu aka yi ana ƙera ta, har 1991, aka fitar da fiye da 800,000, kuma ƙannenta da suka biyo baya, ƙaramar 190 ta 1982 da wadda ake kira Bi-but saboda yankan murfin bayanta, duk wanda ya dube su ya san inda suka fito.

Na taɓa tsayawa a rumfar wani dattijon makaniki a Boɗinga, ana duba mini lagireto, ga wata tsohuwar W126 an jingine ta a kan duwatsu ba taya, fentinta ya ƙoƙe, ga kuma wata Bi-but da aka kawo gyara a gefenta. Na ce masa, "Baba, mene ne ya haɗa waɗannan biyu?" Sai ya kama hannuna ya ɗora yatsana a kan fitilar baya ta tsohuwar, wadda aka yi ta da kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, ya kai ni ga ɗayar na taɓa irin wannan kunyar, ya ce, "Malam, wagga ɗiyar waccan ta." Ya bayyana mini cewa ƙura da taɓo kan tsaya a kan tudun, kwarin ya zauna da haske, don haka na baya yana ganin jar wuta ko motar ta sha hanyar laterai. Gaskiya ya faɗa, domin da wannan niyya aka ƙirƙiro ta. Wannan shi ne mafi ingancin nau'in kama: alamar da ta samo asali daga wata bukata, sa'an nan ta zama shaidar gida, ba adon da aka liƙa don a gane mai shi ba.

Mai jayayya zai ce duk wannan dabarar ciniki ce, kuma bai dace mai hankali ya ɓata tawada kan fuskar motar da talaka bai iya saye ba, balle a ƙasar da Malam Abdullahi ya yi kakkausar suka ga shugabannin da tufafi da dawakin ado suka shagaltar. Na karɓi rabin wannan magana, domin kwambar motoci da jiniya da ke keta garuruwan nan ba ta ƙara wa kowa ruwan sha. Amma rabin na biyu akwai gyara, saboda motar alfarma ba ta ƙarewa a hannun wanda ya fara sayenta. Bayan shekara goma ko ashirin takan sauka Kwatano, ta bi hannun dillalai, ta zo ga ɗan kasuwar hatsi ko malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ya tara kuɗinta shekara da shekaru. In gidan da ya ƙera ta yana sauya fuska duk bayan shekara huɗu, to dukiyar wannan bawan Allah ce ke zubewa, ƙimarta a kasuwa da kwarjininta a ƙofar masallacin Juma'a. Ƙa'idar Sacco ta biyu, ko ya nufa ko bai nufa ba, shi take karewa.

Hanyoyin ɓata wannan amana biyu ne. Akwai yanke zumunci, kamar yadda BMW, gidan da ya riƙe hancinsa mai ƙofa biyu tun 1933, ya fitar da babbar motarsa ta 2001 a ƙarƙashin Chris Bangle da bayan da ya yi tozo har masoyanta suka yi ta ƙorafi, sa'an nan a 'yan shekarun nan ya kumbura hancin har ya kusa cinye fuskar. Akwai kuma taƙlidi, wanda a ganina ya fi yaɗuwa yau, inda ake zana fuska guda a hura ta ko a rage ta, har sai ka zagaya baya ka karanta lamba kafin ka san babbar ce ko matsakaiciyar. Ɗinkin babbar riga ya isa misali: aska biyu da aska takwas gida ɗaya ne, amma ba mai ɗaukar wannan a matsayin waccan.

Sai dai mu ma muna da namu laifi, wanda malaman hadisi da na fiƙihu suka haɗu a kan sunansa, wato tadlisi, ɓoye aibi a isnadi ko a haja. Tun da Lexus ya ɗauki sabon baki mai tsukakken ƙugu a 2012, ya kuma faɗaɗa shi a kan LX 570 a 2015, sana'a ta buɗe a garejojin manyan birane, inda ake cire bamba da fitilu da bonet na motar 2008 a ɗaura mata na ƙanwarta, a fesa fenti, ta fito kamar jiya aka sauke ta daga jirgi. In mai ita ya yi haka don jin daɗin ransa, ba ruwan kowa, amma in ya kai ta kasuwa ya yi shiru, ya ci haram, kuma fiƙihu ya ba mai saye zaɓin mayarwa. Dattijon nan na Boɗinga ya ce mini in aka kawo masa irin wannan a duba kafin a biya, bai ko kallon gabanta, sai ya buɗe ƙofar direba ya duba lambar da ke jikin ginshiƙi, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya karanta shekarar da ke kan ƙyallen, sa'an nan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi.