Ɗan mai ɗori da ya ceci sojoji

Mai karatu, ka san zafin karaya. To, karayar cinya tana cikin waɗanda suka fi zafi. In ƙashin cinya ya karye, naman wurin yana tsukewa, bakin ƙashi ya hau bisa ɗan'uwansa. Ko yaya aka motsa mutum, ƙashin yana yanka nama da jijiya daga ciki, jini ya yi ta zuba.

A shekara ta 1914 babban yaƙi ya tashi a ƙasar Turai. Sojojin Ingila da harsashi ya karya ma cinya a fagen daga na Faransa, mafi yawansu mutuwa suka yi. Ana ɗaukarsu bisa gadon ɗaukar majiyyata, ana ratsa ramu da taɓo, ƙafa tana lilo. Akwai maganin kashe zafi mai suna morfin, amma shi ba ya hana ƙashi motsi.

Ashe dabarar ta daɗe a ajiye. Wani likita mai suna Hugh Owen Thomas, wanda ubansa da kakanninsa masu ɗori ne na ƙasar Wales, ya bayyana ta tun 1875. Zobe ne na ƙarfe da ake sa wa a gindin cinya, da sanda biyu na ƙarfe da ke bin ƙafa har su wuce diddige. A ja ƙafa, a ɗaure ta a ƙarshen ƙarfen. Ƙashi ya miƙe, zafi ya ragu.

Thomas ya rasu a 1891. Almajirinsa Robert Jones shi ya sa sojoji suka kama aiki da ƙarfen a 1916. An koya ma masu ɗaukar majiyyata sa shi da ido rufe, don su iya aiki cikin duhu. Bisa wando da takalmi suke sa shi, tun wurin da soja ya faɗi. Mace-mace suka ragu ƙwarai.

Kai ma kana da karan ɗori. In mutum ya karye a daji, kada ka ɗora shi bisa amalanke ƙafa tana lilo. Ka tsayar da jini da tsumma mai tsabta. Ka samu itace biyu masu tsawo, ka ɗaure ƙafar, kada ka matse ƙwarai. Sa'annan ku kai shi asibiti ba da jinkiri ba.